Ranar da na ce Iya hutawa take

Shekarun baya, wata ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ta zo ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja da babban littafi, tana bi gida-gida tana rubuta sana'ar kowa. Ta ce daga nan littafin zai wuce Dutse, ya wuce Abuja, can ake haɗa na ko'ina a san yawan abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

A zaure na tarbe ta. Na faɗi nawa ina hura hanci: noman shinkafa da damina, kamun kifi da rani. Sai ta ce, “Mahaifiyarka fa, Malam?”

Na ce, “Iya? Ai hutawa take.”

Alhali hayaƙin bandarta ne ma ke sa mu tari a zauren. Tun kafin a haife ni take bandar kifi. Amma a wajenmu abin kunya ne ɗa mai gemu ya ce tsohuwarsa na neman na kanta. Sai a ce ya kasa riƙe ta. Ma'aikaciyar ta dubi hayaƙin, ta dube ni, ta ja layi ta tafi. Ashe Iya na bayan zana tana ji.

Washegari na dawo da tarwaɗa kwando guda, na tarar ba a hura wuta ba. Iya na kan tabarma ta miƙe ƙafa.

“Iya, lafiya?”

“Lafiya lau. Hutawa nake.”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Na ce bari in gwada da kaina, rabi ya ƙone, rabi ya yi wari. A rana ta uku dillalin da ke kai mata kaya kasuwar Kafin Hausa ya zo ya koma hannu rabbana. Bayan la'asar na durƙusa gabanta na ce, “Iya, don kada a zage ni na faɗa.”

Sai ta buɗe tafin hannunta, duk tabon wuta.

“Da wannan na raine ka bayan rasuwar mahaifinka. Sau ɗaya aka zo tambaya. Sau ɗaya tak. Ka ce babu.”

Da safe na ɗauke ta a babur sai sakatariya, ina gudun kada a ce littafin ya riga ya tafi. Allah Ya taimake ni, yana nan kan tebur. Ma'aikaciyar na ganinmu ta yi murmushi.

“Sannu da zuwa, Iya. An gama hutun?”

“'Yata, buɗe ki gyara. Wannan yaron bai san komai ba.”

Yaron nan kuwa har ya fara furfura. Ina tsaye kamar ɓarawon akuya Iya ta zayyana komai: kwando nawa a mako in ruwa ya janye, nawa in ya cika, itacen da take ci, matan da ke taya ta. Da aka gama ta ce a nuna mata inda aka sa ta. Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe tana kallo, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

Iya ta rasu yanzu. Ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake rubuta muku wannan da hannuna, a hankali. Na ɗauka girmama ta nake yi, ashe kunyata kawai nake rufewa da sunanta. Har yau ban gane yadda ake haɗa lissafin ƙasa ba, amma na san akwai shekarar da aka haɗa shi da kifin Iya a ciki, kuma saura ƙiris in hana.

Allah Ya jiƙanta. Yanzu kam tana hutawa.