Goshin Takwarar Iya

Ni dai tun ina yaro ba a san ni da haƙuri ba, kuma wadda ta fi kowa sanin haka ita ce Iya, kakata ta wajen uba. A ƙauyenmu da ke kusa da garin Turawa ta wajen Karaye, idan an gama cirar gyaɗa sanyi ya fara shigowa, da an idar da sallar isha'i sai a hura wuta a tsakar gida da karan dawa, a juye kwandon gyaɗa a tabarma, mu jikoki mu kewaye. Aikinmu ɓarar gyaɗa, aikin Iya tatsuniya. Sai dai tana da wata doka da ta sha ƙona min rai: idan hannun mutum ɗaya ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Ko da kura ta buɗe baki za ta cafke yarinya, sai Iya ta yi tsit, ta ɗauki kara tana gyara wuta kamar ba ita ba.

"Iya, don Allah sai me ya faru?"

"Sai hannun mijina ya mutu," in ji ta. Ni take nufi, sunan da take tsokanata da shi ke nan. "Miji rago, gajen haƙuri. Ɗauki gyaɗa mu ji sauran."

Haka zan ɗauka ina ƙunƙuni, hayaƙi na shiga idona, 'yan'uwa na hararata don na jawo musu. Ko buɗe tatsuniya ba ta yi irin na sauran tsofaffi. Ita cewa take, "Ga ta nan tafe tana ɗingishi," mu amsa, "Ta iso ko da rarrafe." Lallai kuwa da rarrafe take isowa, don wata tatsuniyar sai mun cinye kwando guda ba a kai ƙarshenta ba.

Wadda ta fi zama min a rai ita ce ta gafiya. Wai wata shekara aka yi yunwa, 'ya'yan gafiya suna rami suna kuka, sai ta je gonar wani manomi a wajen Rogo. Mutumin kirki ne, ya ce ta ɗiba iya son ranta. Gafiya ta tara gyaɗa har da harawarta, ta ɗaure ƙaton dami, ta jawo shi har bakin rami. Dami ya ƙi shiga. Ta tura da kai, ta koma ciki ta ja da haƙori, igiya ta tsinke, dami ya gangara can gindin tudu. Ta sauka ta sake ɗaurewa, ta sake jawowa, igiya ta sake tsinkewa. A ciki kuwa yara suna jin ƙanshin gyaɗa, kukansu na ƙaruwa.

Kurege yana kan kututture yana kallo, ya ce, "Yaya gafiya, ki kwance mana, ki riƙa shiga da ƙwaya ɗaiɗai."

A nan Iya takan kumbura kumatu ta yi muryar gafiya. "Ni? Da girmana a gan ni da ƙwaya ɗaya a baki? Allah ya kiyaye!"

Haka ta yi ta fama har ruwa ya sauko, damin ya jiƙe ya ruɓe a bakin rami. Abin da 'ya'yanta suka samu shi ne ƙwaya ɗaya da ta suɓuce daga ɗaurin ta gangara ciki, suka rarraba. "Ƙurunƙus, a kwashe ɓawo," in ji Iya. Mu duka muka ce ai haɗama ce ta kashe gafiya. Iya ta ce, "Ku dai," ta miƙe tana kakkaɓe zani.

Shekaru suka shuɗe, na gama sakandare na fara koyarwa a firamare. Autan Iya, Baffa Sani, ya tafi Masar karatu da iyalinsa, can aka haifa masa 'yarsa ta fari, ya sa mata sunan Iya. A daidai lokacin ne idanun Iya suka fara tafiya. Na hagu ya riga ya rufe, na dama kuma kullum raguwa yake. An kai ta asibiti a Kano, suka ce ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiya ce take mutuwa, sai dai haƙuri. Iya ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi komai ba sai abu ɗaya. Ta ce, "Ina so in ga fuskar takwarata kafin a kashe min fitilar."

A lokacin babu wayar hannu a wajenmu. Amma a Karaye akwai shagon wani Malam Isuhu mai buga takardu, da ya jawo layin tarho ya haɗa da kwamfuta, a nan ya buɗe min akwatin imel. Na rubuta wa Baffa halin da ake ciki, ya amsa cewa ya liƙo hotuna a jikin saƙo. Na tuƙa kekena zuwa Karaye ina murna, ina ganin kafin la'asar na dawo wa Iya da abin da take so.

Kai, wannan layi! Kafin ya haɗu sai ya yi ta kuka kamar an koro zabbi, wani lokacin ya gama kukan ya ce bai samu ba. Idan Allah ya sa ya haɗu, hotunan sai su fara fitowa a jere, na farko ya cika kafin na biyu ya fara, kowanne daga sama yake saukowa, layi bayan layi. Hoton farko ragon suna ne. Ƙahonsa ya fito, muka jira. Kunnuwa suka fito, muka jira. Yana kaiwa wuya layi ya katse.

"A sake," na ce.

"Daga farko fa zai faro," in ji Malam Isuhu.

"Daga farko kamar yaya? Wanda ya riga ya iso ina ya tafi?"

Ya buɗe hannuwa. Shi ma bai daɗe da koyon abin ba, iyakar saninsa ke nan. Muka sake, ƙaho ya sake fitowa.

Wallahi ragon nan na san shi fiye da tumakin gidanmu. Na san yana da baƙin tabo a kunnen dama, na san igiyarsa shuɗiya ce. Ranar da layi ya yi kirki mukan wuce rago mu isa ga maza a zaune kan darduma, Baffa a tsakiya yana washe baki. Bayan su farantan shinkafa. Bayan shinkafa wani titi da motoci, wanda har yau ban san abin da ya kawo shi cikin maganar ba. Sai wani ya bugo tarho, layi ya faɗi. Ko wuta ta ɗauke. Ko wani ya shigo da takardar gaggawa a ce in ɗan matsa. Wata rana na bugi teburin har Malam Isuhu ya ce, "Malam Habu, kwamfutar ba ta ji, ni kuma ina ji."

Kullum in na dawo gida Iya tana bakin ƙofar ɗakinta, ta karkata kai tana nemana da idon da ya rage. "Mijina, ka zo da ita?" In ce tukuna. Da farko daga bakin zaure take gane ni. Daga baya sai na zo tsakiyar gida. Ranar da ta kira ni da sunan ƙanena ina tsaye dab da ita, ban iya cin tuwo ba.

Na sake rubuta wa Baffa cikin ladabi, na ce layinmu ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, a taimaka a cire hoton jaririya shi kaɗai, a rage masa girma a turo. Amsa ta zo doguwa. Ya gaida Iya, ya gaida babana, ya gaida liman da mai unguwa, ya tambayi amfanin gona. Can ƙasa ya ce, "Hotuna kuwa duk suna cikin wanda na aiko." Na sake rubutawa, wannan karon ladabin ya ragu. Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Sake turo damin ya yi gaba ɗaya, da ragonsa da shinkafarsa da titinsa, har akwatina ya cika ya daina karɓar saƙo.

Na dawo gida ina huci, na zube gaban Iya na ce, "Ɗanki dai ba ya jin Hausa. Hoto ɗaya na ce, hoto ɗaya! Me ya yi zafi?"

Sai ta fashe da dariya har tana share ido. "Kai yaro ne. 'Yar fari ce fa. So kake ya zare hoton 'yarsa ta fari shi kaɗai ya miƙo wa uwarsa, ya ce ga 'yata? Da ya yi haka da na ce Masar ta lalata shi. Ka taɓa jin na ambaci sunan ubanka?"

Ban taɓa ji ba. Babana ne ɗanta na fari, har ta tsufa "wancan" take ce masa, ko "mai gidan nan".

"To ita matar tasa fa?"

"Ita ma ai farinta ne. Wa zai fara?"

"Iya, idonki ne fa ke tafiya!"

"Na sani," ta ce, dariyar ta ɗauke. "Ni na koya masa kunyar. Yanzu in ce ya ajiye ta don ta zo kaina? Koma ka ci gaba da ja, mijina."

Na koma. Muka share saƙo na biyu, muka ci gaba da jan na farko. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gari ya yi shiru, layi ya haɗu ya zauna. Rago ya wuce, maza suka wuce, shinkafa da titi suka wuce. Mata suka fito da lulluɓi, wani bene ya fito, ni da Malam Isuhu ko tari ba ma yi. Can ƙarshe, bayan kowa da komai, sai ga gefen farin mayafi yana saukowa. Sai 'yar hular ulu. Sai goshi, faffaɗa. Sai gira, sai idanu biyu a buɗe tar. Daidai karan hanci tarho ya yi ƙara, layi ya faɗi, sauran hoton ya tsaya toka-toka.

Malam Isuhu ya kai hannu zai sake haɗawa, na riƙe shi. "Kar ka taɓa! Buga min haka." Ya ce ai rabi ne. Na ce na gani, ya buga, ya ƙara masa girma iya yadda takarda za ta ɗauka.

Ban san yadda na iso gida ba. Na fito da Iya tsakiyar rana, ta kawo takardar dab da idon dama, tana matsar da ita sama da ƙasa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Goshin nawa ne. Idanun na uwarta ne, sun fi nawa kyau." Ta ƙara dubawa ƙasa. "Ina bakin?"

"Bai iso ba, Iya."

"To, Allah ya amfana abin da ya iso," ta ce. Ta naɗe takardar ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Cikakkun hotunan sun zo daga baya a hannun wani ɗalibi da ya dawo hutu. Lokacin fitilar ta riga ta mutu. Iya ta shafa su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce a nuna mata na ragon da ya wahalar da mijinta. Kafin su Baffa su dawo gida Allah ya yi mata rasuwa.

Yau bidiyo guda yakan faɗo wayata kafin in ɗaga kai, kuma duk sanda haka ta faru sai raina ya sosu. Na daɗe ina juya tatsuniyar gafiya. Mu da muka ce haɗama ce, ba mu saurara da kyau ba, gafiya ba ta taɓa cewa gyaɗar ta yi mata kaɗan ba. Cewa ta yi kar a gan ta da ƙwaya ɗaya a baki. Kunya ce ta ɗaure damin, kuma Iya ta san haka tun muna ɓarar gyaɗa. Ina girmama kunya, da ita aka rene ni, ni ma ba na kiran ɗana na fari da sunansa a gaban manya. Amma ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna ina jin haushin Baffa. Hoto ɗaya ne fa.

Takwarar Iya ta girma, Ummi muke ce mata, tana aure a Rogo Sabon Gari. Bara ta zo mana kwana biyu, da daddare ta tara 'ya'yana tana ba su labari suna tsince wake. Ina daga ɗaki na ji ta yi tsit a tsakiyar magana, ƙaramin yana roƙo, ita kuma tana cewa sai ya ɗauki wake. Na fito na tsaya ina kallon ta. Ta ce, "Yaya, wai da gaske Iya ta gan ni?" Na ce ta ga goshinki da idanunki. Sauran ban faɗa mata ba. Bakin nan da ya maƙale a layi, wanda Iya ta tafi ba ta gani ba, irin na Iya ne sak.