Tallar Jelili da Muka Manta Ba Mu Kashe Ba

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina kuma abokin sana'ata, Jelili Akanmu Oyewole, Baba Rofiat, bayan gajeriyar jinya a wani asibiti da ke Surulere. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na sha faɗin haka a kan mutane da dama, amma ban taɓa zaton zan faɗe shi a kan Jelili ba.

Jelili, na so in rubuta maka ta'aziyya irin ta manya, in jero halayenka ɗaya bayan ɗaya. Sai dai akwai wani shirme da muka tafka bayan tafiyarka, wanda da kana nan da ka wanke mu tas, kuma ba zan iya yin maganarka in tsallake shi ba.

Aikinmu shi ne sayen gurbin talla a shafukan intanet na wasu, na jaridu, na girki, na ƙwallo, mu liƙa hajar ɗan kasuwa a gefe yadda za ta jawo masa ciniki. A ofishinmu na Yaba kowace talla da mai kula da ita, ban da guda ɗaya, tallar kamfaninmu, wadda ka riƙe a hannunka. Hotonka ne a kai, da hularka da ka karya gefe, kana murmushi, a ƙasa an rubuta "Kira ni mu yi magana" da lambar wayarka. Irin tallar nan ce mai bin mutum: duk wanda ya leƙa shafinmu sau ɗaya, za ta riƙa fito masa ko'ina ya shiga. A ruɗewar rasuwa muka rufe ofis, muka sanar da abokan hulɗa, ba wanda ya tuna da ita. Jama'a kuwa da suka ji labari sai suka yi ta shiga shafinmu don su ga hotonka. Washegari mutanen da suka raka ka maƙabarta suka buɗe jarida a waya, suka gan ka kana cewa su kira ka.

Ba wanda ya kai matarka, Iya Rofiat, shiga shafin nan, don haka ita tallar ta fi bi. Kuma wayarka tana hannunta.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na san yadda ka ɗauki wannan sana'a. Mu sauran muna barin na'ura ta zaɓa mana inda talla za ta fito. Kai kuwa sai ka buɗe shafukan da kanka, ka ga inda za a ajiye sunan mutum. Ina tuna Iya Abeke, mai rina yadin adire daga Abeokuta, da ta zo mana da murnarta cewa wanda ya fara yi mata talla ya sa jama'a suna ta danna hotonta, ita dai cinikin ne bai zo ba tukuna. Ka zauna ka bi diddigi, ka gano duk a shafukan wasannin yara ake nuna ta, yaran da iyaye ke miƙa wa waya don su yi shiru, yatsa na zamewa yana taɓa tallar. Ka ce mata, "Mama, masu danna miki ɗin nan ko wando ba su iya sa wa kansu ba, su ne za su sayi adire?" Ka kwashe tallar ka mayar shafukan ɗinki da na shirin biki. Dannawa ta ragu, ita kuma ta kira ka ta zazzaga maka masifa, kana cin tuwon amala a rumfar mai abinci da ke bayan ofis kana amsa mata da "To, Mama, na ji, Mama." Da masu biki suka fara neman ta ba ta ba ka haƙuri ba, sai dai ta aiko maka da yadi, ka ɗinka ka riƙa sa shi duk Juma'a.

Ni da kai mun fi yin faɗa a kan tallar nan mai bin mutane. Ni ina son a daɗe ana bin su, don a nan riba take, ban kuma taɓa ɓoye haka ba. Kai kuwa ka kafe sai an yanka mata wa'adi. Ka ce mini, "Kamoru, mutum ya leƙa shagonka sau ɗaya, ba matarka ya sace ba da za ka bi shi har banɗaki." Na ce tausayinka zai rufe mana ofis, ka ce haɗamata ce za ta rufe shi, muka tashi muka tafi masallaci tare. Tallar kowa ka sa mata iyaka, taka ce kaɗai ka bari sake. Da na tsokane ka a kan haka sai ka shafa gemu ka ce wai wane ne zai gaji da ganin wannan fuskar.

Ba ka taɓa karɓar aikin mai maganin da ke warkar da kowace cuta ba, komai yadda ya lallaɓe ka. Ba ka yarda tallar kayan biki ta fito kusa da labarin haɗarin mota. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ko a cunkoson motoci a kan gada ya kira ka, za ka saurare shi har ya gama, ni ina tuƙi ina tsaki.

'Yarka Rofiat ce ta kira ni, da sunan ɗana Sodik kamar yadda ake kirana a gidanka. Ta ce, "Baba Sodik, don Allah ku cire abin nan. Mama ba ta ci, ba ta magana, sai kallon waya. Ga wayar Baba sai ƙara take yi, baƙi na nemansa, kuma ta hana kowa ɗauka sai ita." Wallahi sai a lokacin ne na tuna da tallar. Zan iya kashe ta daga inda nake zaune, amma Rofiat ta ce uwarta ta rantse duk wanda ya taɓa ta ba da saninta ba, ba ta yafe ba.

Ranar addu'ar kwana takwas na tafi gidanka da kwamfuta a jaka. Bayan malamai sun watse, mata na kwashe ragowar ƙosai da tukwane, Rofiat ta shigar da ni falo, na fito da kwamfutar. Iya Rofiat na zaune a tabarma cikin takaba, wayarta a dama, taka a hagu.

Ta ce, "Baba Sodik, an ce ka zo ka kashe shi."

Na ce, "Tallar ce kawai, Iya Rofiat."

"Na sani, ban haukace ba," in ji ta. "Amma ka ji. Tun da na auri mutumin nan ni ke binsa. In bi shi ya ci abinci, in bi shi ya sha magani, in bi shi ya rufe kwamfutar nan ya huta. Yanzu in na shiga duba farashin shinkafa, ga shi. In na shiga sauraron wa'azi, ga shi. Yau shi ke bina. Ka bar ni in ɗan more."

Na riga na fara mayar da kwamfutar jaka sai wayarka ta yi ƙara. Ta ɗauka, muna jin muryar mutumin. Wani mai sayar da tayil na daɓen ɗaki ne daga Ikorodu, yana ta zumuɗi, ya ce ya ga talla, yana son magana da Oga Jelili. Ta gaya masa ka rasu. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Madam, ki yi haƙuri, amma yanzun nan na ga hotonsa yana cewa a kira shi."

Ta ajiye wayar. Can ta ce, "Jelili bai taɓa yi wa mai saye ƙarya ba. Ba ni zan sa ya fara yanzu ba. Nuna mini inda ake dannawa."

Na juya mata kwamfutar, ta yi bisimilla, ta danna da yatsarta. Sannan ta ɗauki wayarta ta buɗe shafin jaridar da take gani. Irin wannan abu ba ya ɗauka nan take, don haka kana nan tukuna, da hularka. Ta kalle ka son ranta. Da ta sake buɗe shafin, tallar tankin ruwa ce a gurbinka. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, Rofiat ta rungume ta, ni kuma na fita waje don nawa kukan ya zo.

Ya Allah, ga bawanKa Jelili ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Gaskiyar da ya riƙe a sana'ar da ƙarya ke da sauƙi a cikinta, Ka sa ta yi masa nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa da ke Iwo, da 'yarsa Rofiat da ƙannenta, da dukkan zuri'ar Oyewole, da abokan aikinmu na Yaba. Ke kuma Iya Rofiat, da hannunki kika sallame shi, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya haɗa ku a Aljanna. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.