Hayaƙin Umma a Kan Gilashi

Shekara huɗu na yi ina auna hasken da ƙwayoyin zinare ke shanyewa, a ɗakin bincike na wata jami'a a Jidda. Ba irin zinaren awarwaron kasuwar Balad ba, wannan ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. A baza ƙwayoyin a kan gilashi, na'ura ta sauko da wata siririyar allura dab da su, haske ya fito ta bakinta, ni kuma in zauna ina rubuta abin da ya ragu. Aiki ne mai cin wuya da ido. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi, sai a sake daga farko.

A shekara ta uku awo ya rikice. Gilashin da babu komai a kansa ma sai ya riƙa shan haske. Na canja allura, na wanke gilasai har yatsuna suka yi fari fat. Wata biyu ana abu ɗaya. Daktorar da nake ƙarƙashinta ta gaya mini, ba da faɗa ba, cewa in ba a gano matsalar ba, ba za ta sa hannu a sabunta kwantiragina ba. Iƙamata da ta Umma kuwa, wato takardunmu na izinin zama a ƙasar, duk a jikin aikin nan suke. Na gaji tilis, har na fara yarda ni ce ban iya ba.

Ranar da na manta farar rigar aikina a gida na ari ta wata, awo ya fito tas. Washegari ma haka. Na ɗauko tawa na shinshina, sai ƙamshin turaren Umma.

Idon Umma ya yi rauni, girki da ɗinki duk sun fi ƙarfinta. Abu ɗaya ya rage mata: kullum da safe, a gidanmu na unguwar Ruwais, ta lalubo kasko ta turara mini kaya, har da farar rigar, wai kada 'yarta ta shiga mutane tana warin magani. Baƙin hayaƙin ne ke zuba daga hannun rigar in na sunkuya kan gilashi. Daktora ta ce ba rigar kaɗai ba, ko mayafi mai turare kada ya sake shiga ɗakin.

Kwana uku ina juya maganar kafin na iya faɗa mata. Ta saurara, kasko na hannunta.

"Halas, shi ke nan, na bari," ta ce, ta ajiye shi a hankali. Can ta ɗago. "To, 'yar nan, da safe me zan riƙa yi miki?"

An sabunta kwantiragin. Ita kuwa har ta rasu ban samo amsar da zan ba ta ba.