Shekarar da Na Ajiye Tulu

Damina biyu ke nan da binne maigidana, har yau nakan tuƙa tuwon mutum biyu, in zauna in yi kuka. Amma abin da ɗiyata za ta rubuta mini yau na dariya ne, na kuma ce kada ta cire komai don kunya.

A zumuntar matan cocin ƙauyenmu, kusa da Nok, ni ce mai buga tulu. Akan matse shi tsakanin cinyoyi, a bugi bakinsa da tafin hannu. Wata shekara, lokacin haƙar citta, ƙullutu ya fito mini a gaba, ya kai ƙwan zabo. Zama ya gagara, balle matse tulu. Na ce wa mata hannuna ke ciwo.

Tsoro ne ya rufe mini baki. A wurinmu ciwo a wannan wuri ma'anarsa ɗaya ce, wani ya yi zina. Ni na san ban yi ba. Saura maigidana ke nan, dattijon ikilisiya, wanda in magana ta fita za a mayar da shi bencin baya na masu laifi. Na daina kallon idonsa.

Mu kuwa citta ce maganin komai, daga tari har ciwon ciki. Na daka ɗanya na shafa. Kwana biyu ina cije haƙori, fata ta saɓule ta zama gyambo.

Rana ta uku ya tsayar da ni a tsakar gida.

"Maman yara, wannan tafiyar agwagwa fa?"

"Kai za a tambaya."

Ya zauna a kan turmi, na faɗa masa duka, har da zargina. Da na gama sai ya ce:

"Daga gona sai coci, sai ke. Yaushe na samu lokaci? Amma kada ki yarda da bakina. Mu je a duba jinina."

Ya ɗaura matashin kai a bayan mashin, na zauna a kaikaice har Kafanchan. Nas ɗin da ta duba ni, sa'ar ɗiyata ce, ta ce, "Mama, me kika sa a nan?"

"Citta."

"Miya kike haɗawa?"

Ta ce akwai 'yar hanyar da ruwa ke fitowa a wurin, ita ce ta toshe har mugunya ta taru, kuma yakan sami kowace mace. Gyambon kuwa aikina ne. Duk da haka ta ce wasu ciwukan ta wurin kwanciya ake ɗauka, sai an yi wa miji da mata magani tare, don haka aka gwada mu duka. Ba a sami komai ba. Aka tsaga ƙullutun, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce in riƙa zama a ruwan ɗumi.

Shi ke ɗora ruwan safe da yamma, ya gwada da gwiwar hannu, ya ce, "Ga ruwan mai jego. Ina jaririn?" Na roƙe shi gafara a bakin bahon nan. Ya ce ya yafe, amma a biya shi cittarsa.

Lahadin da na sake ɗaukar tulu, yana gaba a kujerar dattawa, yana kallona yana danne dariya. A kujerar nan ya zauna har ƙarshen ransa. Ranar binne shi mata suka ce in huta. Na ce su miƙo mini tuluna.