Kwamfutar Yaya Habu ta bar ɗakina

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar Yaya Habu, ɗan goggona. Allah ya jiƙansa. Shi ne ya yi ta zirga-zirga a babur tsakanin Kwantagora da Ibeto yana naɗar muryoyin tsofaffin danginmu, waƙoƙin noma da labaran da suke bayarwa da Kambarci. Ya tara su a wata tsohuwar kwamfuta da ya mayar da ita saba, wato ma'ajiyar da mutum zai shiga daga nesa da wayarsa ya saurara.

Burin bai cika ba. Layinmu na gida ne, kuma kamfanin intanet ya toshe hanyar shigowa daga waje. Sun ce wanda yake son haka ya koma layin 'yan kasuwa. Sai wanda ya zo gidanmu ya zauna kusa da kwamfutar yake iya ji.

Mu biyu ne muke taya shi. Ni nake sauraron kowace murya in rubuta sunan mai ita da ƙauyensu. Sanusi abokinsa kuwa shi yake raka shi ofishin kamfanin su yi ta musu, su dawo suna dariyar abin da ba ni a ciki. Ko a lokacin abin yana cina, ban dai iya faɗa ba.

Bayan rasuwar, kwamfutar ta dawo ɗakina. Na canja mata batir, na kare ta daga zafi da ƙura, ban bar murya ko ɗaya ta ɓata ba. Yanzu Sanusi ya buɗe shagon buga takardu a bakin kasuwa, da layin da ba a toshe ba. Watan jiya Goggo ta kira ni.

"Ɗan nan, ka kai wa Sanusi na'urar. Mutanen Ibeto suna tambaya."

Na ce, "Goggo, ai ni na san kanta."

Ta ce, "Ka san kanta, amma kai kaɗai kake ji."

Ina tambayar kaina me Yaya Habu zai ce. Na san ba zai tsaya tunani ba, ɗauka zai yi ya ɗaure a babur, yana tsokanata yana ce mini malamin ɗaki. Wannan sanin ya fi komai yi mini ciwo.

Na kai. Ranar Juma'ar da ta wuce wata tsohuwa a Ibeto ta ji muryar marigayi mijinta a wayar jikarta. An ce ta yi kuka, ta yi wa Habu addu'a, ta sa wa Sanusi albarka. Na yi murna saboda Yaya Habu, abin da ya nema ya samu. Amma har yau in zan shiga kasuwa, ta bayan shagon nake bi.