Kawu Isiyaku da Kaburburanmu na Adogi

Duk wanda ya san Kawu Isiyaku ya san ba ya tafiya sai da ƙirge. Shekara talatin ya yi yana ja wa masu safiyo tef ɗin awon fili, ya yi ritaya amma ƙafarsa ta ƙi yin ritaya. In ka gaishe shi a hanya sai ya ɗaga maka hannu, sai ya isa inda za shi sannan ya juyo: "Taku ɗari biyu da shida daga masallaci. Yauwa, ina kwana?"

Wata Asabar ya dira gidana a Bukan Sidi, da kwalin taliya da ya yage da guntun fensir.

"Ɗanladi, tada mashin. Za mu Adogi, kakanninka suna ɓacewa."

Ashe gaskiya ne. Tsohuwar maƙabartar gidanmu ciyawa ta cinye ta, gonaki sun matso ta ko'ina, kuma shi kaɗai ya rage da ya san wanda ke kwance a kowane wuri. Na fito da waya na ce akwai taswira a ciki.

"Tambaye ta ina Kaka Lami take."

"Kawu, ai ba ta san mutane ba."

"To mayar da ita aljihu, riƙe kwali."

Haka muka wuni, yana taku yana faɗin suna, ina rubutawa. Ya tsaya kan wasu kaburbura biyu da ke manne da juna, ya ce yayyen babansa ne, Audu da Sale, waɗanda har suka mutu ba sa gaisawa saboda iyakar gona.

"Wa ya haɗa su nan?"

"Ni. Shekara arba'in ke nan, ka ji an kawo ƙara?"

A gefen gabas muka tarar Malam Bawa, mai gonar da ke maƙwabtaka, ya shigo da kunyar doyarsa har layi uku. Na ɗauka za a yi faɗa. Kawu ya yi masa sannu da aiki, ya yaba ganyen, sannan ya ce, "Wannan layin a kan kakana yake. Mutum ne mai son doya, amma bai taɓa yarda a ci a bar shi ba."

Da Malam Bawa ya tone doyarsa bai sake shuka wurin ba, kuma shi ya taya mu dasa bini-da-zugu ya zama shinge.

Kabari ashirin da uku muka rubuta. Na ce zan buga a takarda mai kyau, ya ce sai dai in kwafa, kwalinsa ba ya kwana gidan wani.

Watanni kaɗan bayan rasuwar Kawu wata dattijuwa ta zo daga Awe. Tun tana goye aka tafi da ita, ba ta taɓa sanin inda aka binne mahaifiyarta ba. Na duba takardar da na kwafa, na kai ta ƙarƙashin wata ɗorawa a maƙabartar, na nuna mata kabari na bakwai. Ta daɗe a durƙushe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, shi da duk waɗanda bai bari mu manta ba. Amin.