Hutun Ruwa da Kuɓewar Hajiya

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen watan Yuli, shekarar da nake aji biyar na firamare, Kawu Sale ya turo amalanke cikin lungunmu na Sabo a Badun ɗauke da kwando shida na ɗanyar kuɓewa. Kakata, wadda duk gida muke kira Hajiya, ita ta aike shi kasuwar Shasha ya sayo. Sana'arta ke nan tun kafin a haifi babana: ta yanka, ta shanya, ta daka, matan unguwa su yi ta aikowa da kwano har ƙarshen shekara. Kafin la'asar an yanka kwando biyu, an baza a tabarmi da farkakkun buhuna, tsakar gida ta yi kore shar. Ba a jima ba hadari ya taso ta wajen Mokola. Muna jin maƙwabciyarmu Bayarabiya tana ƙwala wa 'ya'yanta kira su kwashe shanya, sai ruwa ya kece. Muka yi ta jan tabarmi, yauƙi har gwiwar hannu, amma rabin kuɓewar ta riga ta jiƙe.

Ni kuwa a lokacin ina da wani littafi mai bango ja da nake ji da shi. Malaminmu ya sa mu riƙa auna ruwan sama, na samu gwangwanin madara na ɗora a kan katanga, kullum da safe in tsoma rula in rubuta. 'Yan ajinmu sun yi kwana uku sun watsar, sun koma ƙwallo da langa. Ni ban tsallake ko rana ɗaya ba, domin magana ba ta dame ni ba, amma layi da lamba suna burge ni. Littafin ya nuna cewa a kwana goma sha ɗaya da suka wuce, an yi ruwa a tara.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, bai cika wata huɗu da zuwa daga Arewa ba, yana dako a kasuwa. Ya tsaya a bakin zaure yana matse rigarsa, ya ce a garinsu watan da za a shiga shi ne tsakiyar damina, ko wanki ba ya bushewa, bare kuɓewa. Shawararsa a mayar da sauran kwando huɗun kasuwa a sayar ɗanye tun ba su yi funfuna ba. In suka ruɓe, Hajiya ba ta da abin dakawa sai baɗi. Na yi ta maza, na ɗauko littafina na buɗe mata, na karanta kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi dariya ta ce, "Maigida, kwana goma sha ɗaya ka yi da matar nan kake ba da labarin halinta? Ni shekara arba'in nake zaune da sararin samaniyar Badun. Yau fushi ta tashi da shi. Fushin yini daban, hali daban. Miƙo min wuƙa."

Aka yanka kwando huɗun nan kaf. Washegari aka yi yayyafi, Kawu ya daina kallon inda take. Muka baza kuɓewar a ɗaka da rumfa har ƙarƙashin gado, gidan ya ɗauki wani tsami-tsami, ƙannena suna santsi suna faɗuwa. Hajiya tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno tana juya yankan da yatsu, tana lissafa min shekaru: shekarar da aka haifi babana ruwan ya ɗauke tun kafin watan ya kama, shekarar da rijiya ta rufta ya ƙara mako guda kafin ya ɗauke, shekarar da ta je Makka maƙwabta suka shanya mata. Ko shekara ɗaya ba ta ɓace mata ba, alhali ba ta taɓa riƙe biro ba.

Ran Asabar na hau katanga na tarar da gwangwanina a bushe. Lahadi ma haka. Rana ba ta fito da ƙarfi ba, sama ta yi fari-fari kamar an rufa mata mayafi, sai wata iska mai sanyi da ke kaɗawa tun safe har yamma. Kuɓewa ta fara motsewa, ta yi ƙaras-ƙaras, in ka ɗiba a hannu tana ƙara kamar tsakuwa. Na rubuta sifiri sau goma sha tara a jere. Kowace safiya in leƙa gwangwani, in ɗaga kai in kalli wannan ƙaton sarari da ya tsaya cak a tsakiyar damina, in juyo in kalli tsohuwar da ta san zai tsaya. Ranar da aka fara daka, Kawu Sale ya cire hula ya ce, "Hajiya, ashe ruwan Kurmi har hutu yake zuwa kamar ɗan boko!"

Yanzu ina jami'a ina karanta labarin ƙasa. A majalisar bakin masallaci nakan ji ana musu: in aka tashi da sanyi wani ya ce ina ɗumamar duniyar da ake faɗa, in ruwa ya cika kwata wani ya ce duniya ta juye. Kalma ɗaya muke da ita, yanayi, ga na yini da na zamani, shi ya sa musun ba ya ƙarewa. Ni kuwa nakan tuna Hajiya. Shekarar farko da hutun ruwan ya zo mata a gutsure, sai ta zubar da abin da ya ruɓe. Ta biyu ta ce fushi ne. Sai da aka jera shekaru yana zuwa a makare, ko ya leƙo ya koma, sannan ta naɗe tabarminta, ta koma sayen busasshiya daga motocin Arewa.

Bara na same ta a rumfa tana kallon sama. Ta tambaye ni ko har yanzu ina da gwangwanin nan, na ce ina da wanda ya fi shi. Ta ce, "To ci gaba da rubutawa, Maigida. Wannan karon ba fushi ba ne, matar ta canja hali." Tsakar gidanmu ba ta sake yin kore ba tun da ta naɗe tabarminta.